Corolla, Camry, Accord ko 406: wacce za ta iya da titunan Kano da aljihunka?

Duk wanda ya fita neman motar hawa a Kano da kuɗin da bai kai na sabuwa dal ba, ko ya zaga filayen dillalai na Zoo Road da titin Maiduguri sau nawa, ƙarshenta a kan motoci huɗu zai tsaya yana wasiwasi: Toyota Corolla, Toyota Camry, Honda Accord da Peugeot 406. A filin sayarwa duk an wanke su tas, tayoyi suna ƙyalli, esi yana busa sanyi. Halin kowacce ba a nan yake fitowa ba, sai an yi wata biyar ko shida ana hawa, a gidan mai da gaban bakanike. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, dala kuma ta tashi a watannin da suka biyo baya, kuɗin riƙon mota ya zama abin da mai hankali yake fara lissafawa kafin kuɗin sayenta.

Kano tana gwada mota ta fuska uku. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, kana tsaye a cunkoson Kurna ko na bakin Kantin Kwari, esi a kunne, babu iskar da take ratsa lagireto sai wadda fanka ta jawo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, tana shiga kowace kafa. A Agusta kuma ruwa ya kwanta a kan titi ya rufe ramuka, ka faɗa ba ka sani ba. Saboda haka sanyin inji, ƙarfin ƙafa da lafiyar wayoyi su ne ma'aunin, ba kujerar fata ba.

A fara da mai. A gwajin tuƙin cikin gari da ake yi a Amurka, Corolla mai inji 1.8 tana yin kusan kilomita 11 da lita ɗaya. Camry da Accord masu inji 2.4 suna yin kusan 9, kuma 406 mai inji 2.0, duk da ba ta cikin wannan gwajin, a ajinsu take. Masu silinda shida sukan faɗo zuwa 8 ko ƙasa da haka. Ɗauki mutumin da yake yin kilomita 30 a rana tsakanin kai yara makaranta, kasuwa da komawa gida, kwana 26 a wata: kilomita 780 ke nan. Corolla za ta sha lita 71, Camry ko Accord lita 87, mai silinda shida kusan 100 ko fiye. Tazarar lita 16 a wata tsakanin Corolla da Camry ta kai kusan lita 190 a shekara, wato cika tankin Corolla kusan sau huɗu, tunda nata lita 50 yake ci. Wannan fa lissafin lafiyayyen inji ne. Tsohuwar mota a gosulon Kano da esi a kunne ta fi haka sha, amma tazarar tana nan yadda take.

Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 ita ce wadda kowane bakanike a Kano ya sani ciki da bai. Injinta 1ZZ-FE sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a kan hanya. Baƙin mai kusan lita 4 take ci, 5W-30 kamfanin ya rubuta mata, giyabos ɗinta otomatik mai giya huɗu ne, mai sauƙin sha'ani, man Toyota T-IV yake so. Kayanta kuwa, daga fulogi har rabin inji, ba za ka yi yawo mai nisa a Ƙofar Ruwa ba za ka samu, sabo da na Beljiyam. Ciwonta sananne ne kuma mai araha. Gaskit ɗin bututun shigar iska yana bushewa ya riƙa shaƙar iska ta gefe, fitilar cek ta kama, kwamfuta ta nuna P0171, motar ta riƙa rawa da safe. Roba ce ƙarama, amma da yawa an canza nozul da famfon mai a banza saboda ita. Na 2005 zuwa 2008 kuma, Toyota da kanta ta yi musu kiranye a 2010 saboda birenbos, wato akwatin lantarkin da yake sarrafa inji, da yake tsagewa a ciki ya kashe mota tana tafiya, don haka a tabbatar wadda ake dubawa ba ta ɗauke wuta idan ta yi zafi. Na 2009 zuwa 2013 sun zo da inji 2ZR-FE da sitiyari mai lantarki, abin lura a kansu famfon ruwa ne, yakan fara yoyo ta gefen bel. Daga 2014 yawancinsu giyar otomatik ce irin ta CVT gare su, mai nasa man na daban, kuma zuba masa man giya na gama-gari shi ne hanya mafi sauri ta kashe shi.

Aibin Corolla biyu ne, kuma duk daga farin jininta suka fito. Tsada ta farko: sau da yawa za ka tarar ana tayin Corolla daidai da kuɗin Accord da ta girme ta a jiki ta kuma fi ta ƙuruciya a shekaru. Na biyu, ɓarayin mota ma sun san tana da kasuwa, ko a dunƙule ko a warwatse, don haka makullin sitiyari da na'urar bin sawu suna cikin kuɗin sayenta. Amma ranar da buƙata ta taso ka ce za ka sayar, kafin la'asar an yi maka tayi. A nan ne maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida take da gaskiya. Ciki dai babu yalwa, manya uku a baya daga nan zuwa Abuja za su sauka da ciwon gwiwa.

Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle, ta fi faɗi, ta fi laushi a kan hanya, tankinta lita 70, kuma a titin Zariya zuwa Kaduna ba a haɗa zamanta da na Corolla. Sai dai a nan shekara tana da muhimmanci ƙwarai. Na 2007 zuwa 2009 masu silinda huɗu injin 2AZ-FE ne mai 2.4, wanda ya yi suna wajen shan baƙin mai. Dalilin kuwa ringin da yake share mai daga jikin silinda ne yake daskarewa da datti, man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Ba lallai ka ga hayaƙi ba, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba, sai dai ka zaro sandar awo bayan sati biyu ka tarar ta bushe. Ma'aunin da Toyota ta sa shi ne, injin da ya shanye kusan lita ɗaya a kilomita 2,000 ya kamu. Wanda bai saba duba mai ba, fitilar mai ce za ta sanar da shi, a lokacin kuma metal, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kai, ya riga ya ci wuta. Zuba mai kauri irin 20W-50 da wasu suke ba da shawara yana rage alamar ne kawai, yana kuma ƙara toshe ringin. Gyaran gaskiya sai an sauke inji an canza fistin da ringi. Na 2010 da 2011 sun koma injin 2AR-FE mai 2.5 da giya shida, wanda bai gaji wannan ciwon ba, kuma ƙarin kuɗin da ake nema a kansu ya cancanta. Ƙaramin abu amma mai ban haushi: dashbod ɗin wannan ƙirar yana narkewa a rana ya yi danƙo, yana ƙyalli a gilas ya hana ka gani sosai. Duk wadda ka ga an shimfiɗa wa darduma a dashbod, ɗaga ka duba.

Accord kuwa motar masu son tuƙi ce. Waɗanda ake wa laƙabi da EOD da DC, wato ƙirar 2003 zuwa 2007, suna da injin K24 mai sarƙa, mai ƙarfi da juriya, kuma a kwana ko wajen wuce tirela ta fi Camry amsa totur. Farashinta ya fi sauƙi, shi ya sa matasa suke rububinta. Matsalarta a ƙafa take. Yadda aka tsara ƙafar gaba, nauyin motar a kan bol joyin na ƙasa yake sauka. Robarsa ta fashe, ƙura da ruwa su shiga, giris ya bushe, ya ci kansa, wata rana a kan kwana ko bayan faɗawa rami taya ta kwanta. Duk wanda yake bin titunan Kano ya taɓa ganin Honda a gefen hanya ta durƙusa da ƙafa ɗaya. Abin yana ba da sanarwa kafin ya faru: ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa idan an murɗa sitiyari, ko sitiyarin ya yi nauyi ya ƙi komawa daidai. Maganin shi ne a ɗaga motar a duba duk lokacin juyen mai, a sa na asali, kada a yarda da mai arahar da ba ya shekara. Wanda zai kiyaye wannan, Accord ba za ta ba shi kunya ba. Wanda ya san shi mai mantuwa ne, ya bar ta.

Sauran abin lura a kanta: man giya na Honda kaɗai take karɓa, Z1 ko DW-1, haka man sitiyari ma nata daban ne, kuma kukan da famfon sitiyari yake yi da safe yawanci ƙaramar roba ce take shaƙar iska, ba famfon ne ya mutu ba. Masu silinda shida na 2003 da 2004 giyabos ɗinsu ya yi ƙaurin suna, kuma injinsu bel ne da shi. Ƙirar 2008 zuwa 2012 ta fi girma, amma tana cin birkin baya da wuri, masu silinda huɗu kuma sukan yi wata ƙara ta daƙiƙa biyu idan an tayar da su da sanyin safiya.

Ita 406 labarinta daban ne, domin Arewa ta saba da Peugeot tun 1975 da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma har yau akwai dattawan da ba sa ganin wata mota idan ba ita ba. Suna da hujja. A doguwar hanya babu wadda ta kai ta kwanciya a cikin huɗun nan, ƙafarta tana shanye gargada, but ɗinta yana ɗaukar kaya. Amma an daina ƙera ta a Faransa tun 2004, don haka ko wadda aka ce yanzu ta sauka ta kwana biyu a duniya. Injin EW10 mai 2.0 bel yake amfani da shi, kuma idan ya tsinke fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. A zafin nan kada a bar shi ya wuce kilomita 60,000, a canza shi tare da famfon ruwa da tenshina a zama ɗaya. Giyar otomatik ɗinta mai suna AL4 tana yawan maƙalewa a giya ta uku idan bawul ɗinta na lantarki suka gaji ko man ya tsufa, shi ya sa masu 406 na gaskiya manuwal suke nema. Sai wayoyi: na baya-bayan suna da akwatin BSI da yake sarrafa fitilu, makulli da sauransu, ruwa ya taɓa shi ko mai wayarin da bai san ta ba ya yanke ya haɗa, sai motar ta fara abubuwan da ba a gane kansu. 406 tana son bakanike ɗaya wanda Peugeot kaɗai yake yi. Idan ba ka da shi tun kafin saye, ba ka shirya riƙe ta ba.

To, wa ya dace da wacce? Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zirga-zirgarsa duk cikin gari ce, motarsa ta farko ce, ba ya son sanin sunan kowane ƙarfe, Corolla. Idan kuɗinta ya gagara, a duba Pontiac Vibe ta 2003 zuwa 2008: inji da giyar Corolla ne a cikinta, bayanta ya fi ɗaukar kaya, kayan bodi da fitilu ne kawai suka fi wuyar samu. Mai iyali da yake yawan hawa titin Abuja ko Maiduguri, Camry ta 2010 ko 2011. Mai ƙaramin jari da yake da kula, Accord mai silinda huɗu. Mai doguwar tafiya da ya iya manuwal kuma yana da bakanikensa, 406. Wanda iyalinsa suka haura shida, duk huɗun ba nasa ba ne, Sienna zai nema, ya kuma san na 2004 zuwa 2006 bel ne da su, daga 2007 sarƙa. Marsandi mai arahar saye kuwa, a tambayi kuɗin shokozoba ɗaya da na firikwensin inji kafin a yi tayi.

Duk wannan jerin yana rushewa idan aka zo kan motar da take gabanka. Lafiyayyiyar Accord ta fi Corollar da ta yi tasi shekara biyar aka yi mata sabon fenti. Nan ne zaɓi tsakanin 'yar Kwatano (tsohuwar mota da aka shigo da ita daga waje) da ta hannu (wadda aka hau a nan gida) yake shigowa. 'Yar Kwatano ba ta sha ramukanmu da gurɓataccen mai ba, amma da yawansu daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke, wasu ambaliya ce ta shanye su, na Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasansu da tsatsa. Ta hannu ta fi araha kuma kana iya sanin mai ita, sai dai hannun bakanike ya riga ya ratsa ta. Abu uku ake yawan tararwa: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da take ciki, an sayar. Cire tamostat ba ya maganin zafi. Injin an gina shi ya yi aiki a wajen digiri 90, idan bai kai ba birenbos yana ɗauka har yanzu safiya ce ya ci gaba da ƙara fetur, ga shan mai ga cin ringi. Ta hannu da mutum ɗaya ya riƙe, ba a taɓa waɗannan ukun ba, ta fi 'yar Kwatanon da ba a san tarihinta ba.

Ranar dubawa a je da sassafe, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Taɓa bonet: idan da ɗumi an riga an tayar da ita don a ɓoye ƙarar farko, a dawo gobe. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar cek, ta ABS da ta iyabag dole su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. Wani ya tsaya a baya ya kalli salansa: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne yake shiga ta gaskit, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Buɗe murfin baƙin mai, farin kumfa a jikinsa alamar ruwa ya haɗu da mai. Murfin lagireto kuwa sai inji yana da sanyi ake buɗe shi, idan ruwan yana tafasa da kumfa inji yana aiki, gaskit ya tafi. Man giya ja ne, wanda ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna ya gama bayani. A sa mata kwamfuta, kuma kada a tsaya a kan "babu kod": idan na'urar ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, yanzu aka goge laifukan.

Don gano ta ambaliya, ɗaga kafet, leƙa ƙarfen da kujera take gudu a kai, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi layin laka. Don gano ta haɗari, bi bodin da ƙaramin maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika da foti, ka kuma duba ƙusoshin da suka riƙe bonet da fenda ko sufana ta taɓa su. Agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa: mil 150,000 kilomita 240,000 ne. Ana kuma mayar da shi baya, don haka a gwada shi da yadda robar birki da sitiyari suka suɗe. Sannan a hau ta, ba zagayen fili ba. A fita Eastern Bypass ko titin Zariya a kai kilomita 80 zuwa 100, a ji yadda take canza giya, a taka birki a ga ko sitiyari yana rawa, a bi ta kan gargada a saurari ƙafa, a dawo a bar ta tsaye minti 15 da esi a kunne ana kallon allurar zafi.

Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, kuma ita take tona asirin motar da aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. A motocin Amurka, ta goma ita ce shekara: 7 tana nufin 2007, 9 kuma 2009, A 2010, B 2011. Wadda take gindin gilashin gaba, da ta jikin ƙofar direba, da ta kan takardu dole su zama iri ɗaya. Da ita ake binciko tarihin motar a intanet, sau da yawa har da hotunanta na ranar gwanjo. Tun Janairun 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, takardar kwastan ta zama abin da ba a wasa da shi. A kai lambarta ofishin kwastan a tabbatar an biya duti kuma na wannan motar ne, domin ta bogi ba a cikin gari take kunyata mutum ba, sai a shingen hanyar Katsina ko ta Kaduna. Ta hannu kuma a ga shaidar mallaka da sunan mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a sauya suna ba tare da jinkiri ba. La'adar dillali a yanke ta kafin a yi sallama, ba bayan an tura kuɗi ba.

Kada a zuba duk abin da ake da shi a kan saye. A ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na makon farko: juyen baƙin mai da filta, filtar iska, ruwan lagireto na gaskiya maimakon na rijiya mai toshe bututu, birki, inshora da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, da tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, 2319 yana nufin sati na 23 a 2019, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira, komai kyan zanenta. Idan 406 ce, bel ne aikin farko ko da mai ita ya rantse jiya ya canza. Idan Accord ce, bol joyin biyu na ƙasa. Idan Camry mai 2.4 ce, a cika mai daidai layin sama, a rubuta lambar agogo, a sake zaro sandar bayan kilomita 1,000.